Fastar da ta ƙi nuna fuskar jaruma: yadda masu zanen Folan suka sauya tallar fim

A shekarar 1973 aka manna wata fasta a bangwayen Warsaw, babban birnin ƙasar Folan, ana tallar wani fim ɗin Amurka mai suna Cabaret. A wannan shekarar ce jarumar fim ɗin, Liza Minnelli, ta karɓi kyautar Oscar a kansa, kuma fim ne mai cike da waƙa da rawa da ado, irin wanda duk mai talla zai so ya baje kolinsa. Mai zanen fastar, Wiktor Górka, bai bi ta nan ba. Ya zana ƙafafu huɗu na 'yan rawa sanye da doguwar safa baƙa, kowace a lanƙwashe a gwiwa, suna kewaye da wata fuska mai kwalliya, baki buɗe. Sai ka ɗan ja da baya kake gane cewa ƙafafun nan huɗu sun haɗu sun ba da tambarin 'yan Nazi. Labarin fim ɗin a Berlin yake faruwa a 1931, mutane na sharholiya a gidan rawa, jam'iyyar Hitler kuwa tana ta ƙara ƙarfi a waje. Górka ya dunƙule wannan duka a hoto ɗaya, aka kuma manna shi a garin da sojojin Hitler suka mayar kufai shekaru ƙasa da talatin kafin nan.

Wanda ya taso yana ganin fastocin finafinan Indiya a ƙofar gidajen silima, ko na Kannywood a shagunan masu kaset, ya san ƙa'idar da aka saba: fuska ce ke sayar da fim. A sa jarumi da jaruma manya-manya, mugu a gefe yana muzurai, sunaye a ƙasa. Yawancin Turai ma haka take yi a wancan zamani. A Italiya akwai masu zanen da wannan ce sana'arsu, irin su Anselmo Ballester da Luigi Martinati da Alfredo Capitani, waɗanda har kamfani ɗaya suka haɗa. Da burushi suke zana fuskar jaruma, su ƙara mata haske da ƙwalla da kwarjinin da kyamara ba ta ba ta ba, a kan takardar da tsawonta ya kai mita biyu. A Faransa babbar fasta takan kai santimita 120 a 160. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan, don akwai gwaninta a cikinsa wadda ba kowane hannu ke iya ta ba. Sai dai manufarsa guda ce, ya tsayar da mai wucewa ya sa shi ya ciro kuɗin tikiti. A Hollywood har a takardar kwantiragin jarumi ake rubuta girman da za a buga sunansa da kuma sunan wa zai zo kafin na wa, don haka mai zane kan tarar an riga an raba masa filin takardar tun bai ɗauki fensir ba.

To me ya sa Folan ta fita daban, har ta shafe kusan shekaru arba'in tana fitar da fastocin da a yau gidajen adana kayan fasaha na duniya ke alfahari da su? Amsar da aka fi bayarwa ita ce mulkin kwaminisanci. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, kuma wanda ya tsaya a nan zai iya fita da fahimtar da ba daidai ba, ya ɗauka danniya ce ke haifar da fasaha.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Folan ta karɓe harkar fim baki ɗaya. A 1945 aka kafa hukumar Film Polski, daga baya a farkon shekarun 1950 aka miƙa rarraba finafinai ga wata hukuma ta daban da ake taƙaita sunanta da CWF. Gwamnati kaɗai ke sayo fim daga waje, ita ke raba shi ga gidajen silima, ita ke ba da aikin fasta. Babu wani kamfani na biyu da za a yi gasa da shi. Talabijin bai shiga gidaje sosai ba tukuna, wuraren nishaɗi kaɗan ne, fim ɗin waje kuwa abin marmari ne, mutane za su yi layi ko an yi talla ko ba a yi ba. Sau da yawa ma fim sai ya tsufa kafin ya iso. Vertigo na Alfred Hitchcock ya fito a 1958, fastarsa ta Folan ta 1963 ce. Idan zauren kallo zai cika ko ta yaya, jami'in da ke ba da aikin fasta ba shi da dalilin tsayawa a kan mai zane yana cewa a ƙara girman fuskar jaruma. An sauke wa fasta nauyin jawo ciniki, sai ta sami sararin yin wani aiki, wato ta faɗi abin da fim ɗin yake nufi.

Amma sarari kaɗai ba ya zana komai, sai an sami masu shiga cikinsa. A 1946 hukumar Film Polski ta nemi masu zane uku, Henryk Tomaszewski da Eryk Lipiński da Tadeusz Trepkowski, su riƙa yi mata fastoci. Suka amsa bisa sharaɗin cewa ba za su kwaikwayi salon tallar da aka saba ba, za su yi yadda suka ga ya dace. Aka yarda. A ganina wannan sharaɗin ne tushen komai, domin tun ranar farko ya kafa cewa mai zane ne ke da ta cewa a kan takardar. Bayan shekara biyu kacal, a 1948, Tomaszewski ya ciyo kyaututtuka biyar a wani baje kolin fastocin fim na ƙasa da ƙasa a Vienna, gwamnati kuma ta gane cewa ga wani abu da zai ɗaga sunan ƙasar a waje da kuɗi ƙalilan.

A wannan shekarar ce Trepkowski ya yi fastar da nake ganin ta fi kowace nuna inda aka dosa. Fim ɗin shi ne Ostatni etap na Wanda Jakubowska, labarin matan da aka tsare a sansanin Auschwitz, inda ita kanta daraktar ta yi zaman fursuna. Mai talla na yau da kullum da ya zana waya mai ƙaya, da soja da bindiga, da mata suna kuka. Trepkowski ya shimfiɗa yadi mai ratsi-ratsi irin na rigar fursunonin sansanin, da lambar fursuna a jiki, sannan ya ɗora fure guda ɗaya wanda karansa ya karye. Shi ke nan. Waɗanda za su kalli fastar nan a titi mutane ne da kusan kowannensu ya rasa wani a yaƙin, ba su buƙatar a nuna musu gawa. Mai zanen ya san masu kallonsa, ya kuma girmama baƙin cikinsu ta hanyar taƙaita magana. Trepkowski bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1954 yana da shekara arba'in, amma wannan tsari nasa na abu ɗaya, ma'ana ɗaya, fili a kewaye, ya zama gadon da na baya suka ɗauka.

Ita ma Warsaw ta taimaka da halin da take ciki. Kusan kashi 85 cikin ɗari na gine-ginenta sun rushe a yaƙi, aka yi shekaru ana sake gini, ko'ina ka duba shingen katako ne ya kewaye wurin aiki. Waɗannan shingaye suka zama wurin manna fasta, a garin da babu allunan tallar kamfanoni masu walƙiya da za su danne ta. Launi ɗaya mai ƙarfi a kan titi mai toka-toka daga nesa ake hango shi.

Akwai kuma batun abinci. A ƙasar da babu attajirai masu sayen zane su rataye a falo, babu kuma dillalan zane masu zaman kansu, wanda ya karanci zane a jami'a dole ya nemi inda gwamnati ke biya. Fasta na biya. Shi ya sa mutanen da a Paris ko Landan da sun raina aikin talla suka rungume shi a Warsaw da zuciya ɗaya. Wojciech Fangor, wanda daga baya ya yi suna a Amurka da manyan zanukansa, ya yi fastocin fim da yawa. Jan Lenica gine-gine ya karanta, ya kuma shahara a finafinan zane masu motsi. Franciszek Starowieyski gwanin zanen jikin ɗan Adam ne irin na tsoffin malaman Turai, har yakan rage shekara ɗari uku a kwanan watan da yake sa wa aikinsa. Kowannensu ya shigo da hannunsa, kowa kuma yana sa hannu a fastarsa kamar yadda ake yi a zane. Shi ya sa kalmar "makaranta" da ake kiran su da ita, makarantar fasta ta Folan, ba ta nufin salo ɗaya. Layukan Lenica masu kauri suna kwarara kamar ruwa, Waldemar Świerzy yana watsa launi da ɗigo-ɗigo, Roman Cieślewicz yana yanka hotuna ya liƙa su ya sake buga su. Abin da ya haɗa su shi ne yarda da cewa fasta tunani ce kafin ta zama ado. Akwai mata a cikinsu da ba a cika ambata ba, irin su Maria Ihnatowicz da Hanna Bodnar da Teresa Byszewska, kuma wanda ya duba aikinsu zai ga ba a yi musu adalci ba da ake barin su a ƙarshen jeri.

Ƙarancin kayan aiki ma ya bar tambarinsa. Takarda ba ta da kyau, tawada ba ta da yawan launi, injinan ɗab'i ba sa fitar da hoton kyamara da tsabta, nau'o'in haruffan maɗaba'a kuma kaɗan ne. Fastar kanta ƙarama ce, kusan santimita 59 a 84 a mafi yawan shekarun, ba ta kai rabin ta Faransa ba. Mai zanen da ya san hoton fuska zai fito dishi-dishi sai ya koma ga abin da injin zai iya, wato shimfiɗaɗɗen launi biyu ko uku da layi mai kauri. Wanda bai sami haruffan da yake so ba sai ya rubuta sunan fim da hannunsa, rubutun ya zama wani sashe na zanen. Bronisław Zelek, a fastar da ya yi wa fim ɗin Hitchcock na tsuntsaye a 1965, ya ɗauki kalmar da ke nufin tsuntsaye a harshensu ya yi ta maimaita ta, manya da ƙanana, har ta zama garke a sararin takardar, ga kuma ƙoƙon kan mutum mai fukafukai yana tahowa. Baƙi da fari ne kusan duka, amma tsoron da ke cikin fim ɗin ya fito sarai.

Sai batun tacewa, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Ba gaskiya ba ne cewa an bar masu zane sun yi abin da suka ga dama. Akwai ofishin tace duk abin da za a buga, a titin Mysia da ke Warsaw, kuma babu fastar da ke zuwa maɗaba'a sai da izininsa. Daga 1949 zuwa tsakiyar shekarun 1950 an wajabta wa masu fasaha salon da Moscow ta shimfiɗa, na zana ma'aikata da manoma masu ƙwanji suna murmushi suna duban gaba. Fastar siyasa ta sha wannan ƙangi sosai. Ta fim ta ɗan tsira, saboda hukuma na ganin ta ƙaramin abu, kuma cikin masu amincewa da aikin akwai masu zane 'yan uwansu. Bayan mutuwar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a 1953 da sassaucin da ya biyo baya a 1956, ƙofar ta ƙara buɗewa. Duk da haka mai tacewa yana nan, kuma ya fi iya kama kalma fiye da hoto. Jimla za a iya ja mata layi a ce ga laifinta. Hoton mutum da aka ɗinke masa baki, ko kan da aka ɗaure da igiya, idan an tambaya sai a ce ai labarin fim ɗin ne. Abin ya yi kama da habaici a wurinmu: wanda aka yi dominsa ya ji, jama'a sun gane, amma babu wanda zai iya kai ƙara. Mutanen da suka saba karanta jarida suna neman abin da ba a rubuta ba sun zama gwanayen karanta irin wannan hoto, mai zane kuma ya san yana da masu fahimtarsa. Wannan fahimtar juna tsakanin mai zane da mai wucewa a titi ita ce, a nawa ra'ayin, ainihin dukiyar fastar Folan.

Abin da ke hana ni yarda cewa tsarin mulkin ne ya yi aikin shi ne misalai biyu daga wajen Folan. A Tarayyar Sobiyet, cikin shekarun 1920, 'yan uwa biyu Vladimir da Georgii Stenberg sun yi fastocin fim da har yau ake koyar da su, da fuskoki a karkace, da rubutu yana juyawa kamar guguwa. Gwamnati ce mai ba da aiki a can ma. Da Stalin ya ƙarfafa riƙonsa a farkon shekarun 1930 aka rushe ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu, wannan salo ya mutu. Mai ba da aiki guda ɗaya zai iya sakar maka mara, zai kuma iya shaƙe ka a rana ɗaya, babu inda za ka gudu. Misali na biyu daga Jamus ta Yamma ne, ƙasar jari-hujja. Wani ƙaramin kamfanin rarraba finafinai na Walter Kirchner a garin Göttingen ya ba Hans Hillmann aikin fasta daga 1953 zuwa 1974, ya bar shi ya yi yadda yake so. Hillmann ya yi fastoci wajen 130, masu ƙarancin launi da zurfin tunani, waɗanda za ka iya jera su da na Warsaw ba tare da sun ji kunya ba. Babu ofishin tacewa irin na titin Mysia a kansa, babu ƙarancin tawada. Abin da ya samu shi ne mai ba da aikin da ya yarda da shi, da masu kallon da ke son a yi musu magana a matsayin masu hankali. Waɗannan biyun su ne sharaɗi. A Folan tarihi ne ya haɗa su a ƙasa guda na tsawon shekaru, a kuma kan kowane irin fim, tun daga na yara har na kaboyi. Maƙwabciyarta Cekoslobakiya ta sami irin wannan yanayi, inda Karel Teissig da Karel Vaca da Zdeněk Ziegler suka fi karkata ga yanka hotuna da haɗa su ta hanyar da ta yi kama da mafarki.

Abin ya ɗore ne kuma saboda an koyar da shi. Tomaszewski ya riƙe ajin fasta a makarantar koyon zane ta Warsaw daga 1952 zuwa 1985. An san shi da matsa wa ɗalibi ya cire duk abin da ba dole ba, har sai tunanin ya tsaya da ƙafarsa. Ɗalibai sun zo masa daga ƙasashen waje, ciki har da Faransawa biyu, Pierre Bernard da Gérard Paris-Clavel, waɗanda suka koma gida suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Grapus a 1970. A 1966 aka fara gasar fasta ta duniya a Warsaw duk bayan shekara biyu, da ƙoƙarin Józef Mroszczak, a 1968 kuma aka buɗe gidan adana fastoci a unguwar Wilanów ta Warsaw, na farko irinsa a duniya.

Duk da son da nake yi wa wannan aiki, ba duka ne ya yi kyau ba. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe aka kuma kafa dokar soja a Disamban 1981, duhu ya mamaye fastocin. Ƙoƙon kai, fuska a yage, ido a inda bai kamata ba, jiki yana narkewa. A hannun gwani, kuma a kan fim ɗin da ya dace, wannan na da ƙarfi. Cieślewicz ya yi amfani da ƙoƙon kai tun a fastar Vertigo, sanye da riga da laƙataya, da da'ira cikin da'ira a goshi, kuma ya dace, domin labarin mutum ne da mutuwa da ruɗu suka kama wa hankali. Amma da abin ya zama yayi, sai ka ga fim ɗin barkwanci na iyali an yi masa fastar da za ta firgita yaro. Wani lokaci mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, taƙaitaccen labari da 'yan hotuna aka ba shi. Irin waɗannan ne aka fi yaɗawa yau a intanet ana mamakin baƙuntarsu, kuma suna sa mutane su ɗauka cewa burin makarantar shi ne ban mamaki. Fastar da ta ba da labarin zuciyar mai zane ta manta da fim ɗin ta gaza a aikinta, ko da ta yi kyau a bango. 'Yancin da rashin gasa ya bayar shi ne kuma ya cire wanda zai ce wa mai zane ya kauce hanya. Kada kuma a manta da farashin da jama'a suka biya: fasta ta sami sarari ne saboda mai kallo ba shi da zaɓi, ba ya iya ganin fim ɗin da yake so a lokacin da yake so, wasu finafinan ma ba a taɓa bari sun shigo ba.

A zaɓen 4 ga Yuni 1989, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność ta fito da fastar da wani matashin ɗalibin zane, Tomasz Sarnecki, ya yi. Ya ɗauko hoton Gary Cooper daga fim ɗin kaboyi na 1952, High Noon, yana tahowa shi kaɗai, ya cire bindigar hannunsa ya sa masa takardar ƙuri'a, ya maƙala masa bajon ƙungiyar a ƙirji. Mutanen da aka shafe shekara arba'in ana koya musu karanta hoton fim a bango ba su buƙaci bayani ba. A 1990 aka rufe ofishin tacewa, hukumar rarraba finafinai ta rasa ikon da take da shi ita kaɗai, kamfanonin Amurka suka shigo da finafinansu tare da fastocinsu da aka tsara a Los Angeles, iri ɗaya da wanda za a manna a Tokyo da Legas. Cikin 'yan shekaru aikin fastar fim ya kuɓuce daga hannun masu zanen ƙasar. Waɗanda suka ci gaba sun koma yi wa gidajen wasan kwaikwayo da na opera da bukukuwan fim aiki, inda har yanzu mai ba da aiki kan bar mai zane ya yi tunaninsa. Tsofaffin fastocin kuwa, waɗanda aka buga a takarda mai arha don su yi 'yan makonni a shinge ruwa ya wanke su, yanzu masu tara kayan tarihi ne ke neman su a shagunan Kraków da Warsaw da wuraren gwanjo na Landan da New York, kuma waɗanda suka tsira ba tare da yagewa ba su ne suka fi tsada.